Dusa Kafin Ƙugiya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da gwiwar nan taka mai ciwo. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso. Da direba ya miƙo mini doguwar aba a naɗe cikin buhu, na ɗauka sandar dogarawa ka aiko mini, har na fara shirya maka baƙar magana. Ina kwancewa sai ga sandar fatsa, da zaren roba, da 'yar dalma, da ƙugiyoyi goma sha biyu a cikin gwangwani. Mai Agogo, maƙwabcin shagona, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tela, yayanka ya gaji da kai ne, shi ya sa zai tura ka ruwa."

Yaya, shekarata sittin da takwas, arba'in da ɗaya daga ciki a kan keken ɗinki na yi su. Ban taɓa kama kifi ba sai a cikin faranti. Amma ba zan ɓoye maka ba, tun rasuwar uwar gidana gidan ya yi mini faɗi, kuma in na rufe shago ban san inda zan sa kaina ba. Mamana, 'yar tawa tilo, ta zo ta tarar da ni ina jujjuya sandar. Ita ta ma fi ni murna. Ta ce, "Baba, ka gwada mana, Baffa ya san abin da yake yi."

To, ga ni. Ka koya mini daga tushe. Da kunnenka yana ji, da waya zan buga maka, amma ka san yadda muka kwashe wancan karon, na yi ta ihu har masu wucewa suka tsaya rabon faɗa. Kwanan wata kuwa kada ka nema a takardata, ni ba akawu ba ne.

Ka gaida mutan gida. Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Auta

*

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta zumunci, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka marar kwanan wata ta same ni. Shekara talatin da biyar na yi a ofis, ban taɓa ganin takarda mai mutunci ba tare da kwanan wata ba, amma na haƙura da kai tun kana yaro. Ga abin da za ka yi, kuma ka bi shi daki-daki.

Na ɗaya, wuri. Ka gangara ƙasan tsohuwar gada, inda ruwa ke lanƙwasa ya rage gudu. Ka nemi inuwa ka zauna, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan.

Na biyu, dusa. Kuskuren sabon shiga shi ne jefa ƙugiya ranar farko. Kifi ba wawa ba ne, yana ganinka. Za ka bar sanda a gida, ka riƙa zuwa kullum da sassafe, ka zuba dusa jiƙaƙƙiya cikin hannu biyu a wuri ɗaya, ka zauna shiru har hantsi. Kwana ashirin da ɗaya, ba fashi. So ake ya saba da kai har ya ɗauka don Allah kake ba shi.

Na uku, ɗauri. Ka riƙa gwadawa a gida: ka zura zare a idon ƙugiya, ka naɗa sau shida, ka ja. Ka rubuto mini tsakaninka da Allah tsawon lokacin da yake ɗaukar ka.

Na huɗu, ranar kamu. In ya ci, kada ka yi gaggawa, kada kuma ka bari ya kuɓuce. Kifin da ƙugiya ta taɓa yaga wa baki ba ya sake dawowa wurin dusar nan, ko da yunwa za ta kashe shi.

Na ajiye kwafin wannan takarda a fayil, kamar kullum. Allah ya ba da sa'a.

Yayanka

*

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau kwanana bakwai ina ciyar da kifin banza, kuma ka ji abin kunya, abin ya shiga raina.

Kwana uku na farko ko kwaɗo bai kula ni ba, sai sauro. A na huɗu sai na ga ruwan yana 'yan ƙananan zobba. Jiya kuwa wata tarwaɗa ta ɗago kai, gashin bakinta sak naka, ta kalle ni kallon raini ta koma. Wallahi sai da na gaishe ta. Rabon da in zauna ba na tunanin komai, tun kafin ciwon uwar gidana. Na gode maka, Yaya, kuma ka san ba na yawan faɗin haka.

Shago kuwa Mamana ta karɓi makulli, ita ke buɗewa da safe kafin ta wuce wurin aikinta, ta karɓi saƙon masu kawo ɗinki. Allah ya yi mata albarka. Sai dai aikin ya ja baya 'yan kwanakin nan, ban san dalili ba, ko yadi ɗaya ba a kawo ba tun ranar Talata.

Yanzu ga amsar tambayarka ta uku. Ka ce tsakanina da Allah, to ga ta. Ban iya zura zaren ba. Idon ƙugiya ya ninka na allura sau uku, amma na yi rabin awa ina lalube, sai da na kai bakina na nemo ramin da harshe. Yaya, fiye da shekara guda ke nan ba na ganin kafar allura. Kullum da safe Mai Agogo ke sa madubinsa ya zura mini allurai goma, ya soke su a matashi. Ta keke kuwa da yatsa nake nemo ta. Hannuna ya san hanya, ɗinkina bai karkace ba, amma baƙin zare a kan baƙin yadi sai dai in bi shi da shafa. Likita ya ce ba abin da za a yi sai rage gudun abin.

Ban da Mai Agogo ba wanda ya sani, ban faɗa wa kowa ba, har Mamana. In ta ji, za ta ce in bar shago, ni kuwa in na bar keken nan ban san ko ni wane ne ba. Kai ne ka goya ni ranar da aka binne mahaifiyarmu, shi ya sa na faɗa maka. Ka riƙe mini amana. Wannan takardar kada ta shiga fayil, ka ƙona ta.

Na bar ka lafiya.

Auta

*

Alhamis, 20 ga wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, kuma na ji nauyinta. Maganar idonka na sa ta inda ya dace, ka kwantar da hankalinka.

Bisa lissafina, kwana ashirin da ɗaya za su cika ranar Asabar, 29 ga wata. Ranar za ka jefa ƙugiya. Ka haƙo tana tun daren Juma'a, ka sa Mai Agogo ya ɗaura maka ƙugiyoyi uku. Ka tafi da guzuri da ruwan sha, domin yini za ka yi. Ko ka kama da wuri kada ka tashi, manyan ba sa fitowa sai rana ta yi sanyi. Makulli ya kwana wurin Mamana, don kada hankalinka ya rabu biyu.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Allah ya kai mu.

Yayanka

*

Yaya,

Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Yau Lahadi, gobe da safe zan kai wannan gidan waya.

Jiya na bi maganarka kamar karatu. Na zuba dusa, na soka tana, na jefa. Kafin hantsi na kama ƙanana biyu na mayar da su. Na so in tashi da azahar, sai na tuna ka ce manyan sai rana ta yi sanyi. Bayan la'asar sandar ta lanƙwashe har na ce karyewa za ta yi. Ban yi gaggawa ba, ban kuma sake ta ba. Ita ce, Yaya, mai gashin bakin nan, tsawonta ya kai daga yatsana zuwa kafaɗa. Na sa ta a bokiti na hau hanya ina dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Ban nufi gida ba, shago na nufa, don Mai Agogo ya gani da idonsa.

Tun daga kan kwana na ga ƙofar a buɗe, wani saurayi a kan benci yana shafa wa bango shuɗin fenti. Allon sunana yana jingine a ƙasa, fuskarsa na kallon bango. Na leƙa. Ba keke, ba teburin yanka, ba dutsen guga, ba almakashin da Baba ya bar mini. Sai sawun ƙafafun keken guda huɗu a siminti, inda suka ci ƙasa shekara arba'in da ɗaya.

Na ce, "Samari, me kake yi a shagona?"

Ya ce, "Baba, ai ni ne mai askin da zai shiga. An ce kun yi ritaya. Allah ya sa a huta lafiya." Har da rusunawa.

Mai Agogo ya fito, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Tela, da motar ta zo na ɗauka da saninka. 'Yarka ce a gaba, ita ke cewa a ɗauki wannan a hankali, a naɗe wancan." Sai ya miƙo mini matashin allurai, shi kaɗai ya tsira, da allurai goma da ya zura mini tun safe. Na tsaya a bakin titi, matashi a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya, kifin yana ta bugun ƙarfe. A hannun mai askin na bar shi.

Ashe duk safiyar da nake bakin ruwa, Mamana tana tsaye a ƙofar shago tana sallamar mutanena, tana ce musu Baba ya daina karɓar aiki. 'Yar da na ɗinka wa rigar makaranta ta farko a kan keken nan. Ta zo gida da magariba ban buɗe mata ba.

Abu ɗaya ke damuna: yaya aka yi ta sani? Na zargi Mai Agogo, ya rantse har da hawaye. Yaya, ba ni da kowa yanzu sai kai. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Auta

*

Alhamis, 27 ga wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje. Na san ranka a ɓace yake, kuma kana da gaskiyar ɓacin rai. Rabuwa da wurin da mutum ya tsufa a ciki ba ƙaramin abu ba ne, ni ma na ɗanɗana ranar da na miƙa makullin ofis.

Sai dai ina roƙonka kada ka yi fushi da yarinyar nan. Abin da ta yi, don kai ta yi. Keken yana nan lafiya a wurinta, an shafa masa mai an lulluɓe. Mai askin ma an ce yaron kirki ne. Rigakafi ya fi magani, kuma gara a ce ka bar ɗinki da a ce ɗinki ya bar ka.

Yanzu ga ruwa, ga sanda, ga lokaci. Ina fatan ka kama babba. Ka rubuto mini nauyinsa.

Yayanka mai ƙaunarka

*

Zuwa ga Akawu,

Ba gaisuwa yau.

Da safiyar Litinin na jefa takardata a gidan waya. Ina dawowa gida na tarar da taka a ƙarƙashin ƙofa. Na ce ikon Allah, yau gidan waya ya yi fiffike. Na sa tabarau na kai ta bakin taga, na karanta jajenka har na ji sanyi a raina. Sai idona ya koma sama. Idon nan da kuka ce ya mutu, shi ya gano mini.

Alhamis, 27 ga wata. An kwashe shagona ranar Asabar, 29. Ka yi mini jaje kwana biyu kafin a yi mini rasuwar. Ka lissafa kwana huɗun da takarda ke yi a hanya don ta iso a kan kari, ka san da mai aski, ka san an shafa wa keke mai, amma hannunka ya kasa rubuta kwanan watan ƙarya. Shekara talatin da biyar a ofis ba wasa ba. Bakinka ya iya, alƙalaminka ne bai iya ba.

Na ɗauko takardunka na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Kwana ashirin da ɗaya, ba fashi, daga sassafe har hantsi. Ko ka kama da wuri kada ka tashi. Makulli ya kwana wurin Mamana. So ake ya saba da kai har ya ɗauka don Allah kake ba shi. Ashe ina zuba wa tarwaɗa dusa, kai kana zuba mini. Wannan shi ne ingiza mai kantu ruwa, kuma da hannun ɗan'uwa.

Shagon ya yi mini ciwo, amma ba shi ya hana ni cin abinci ba. Na ce maka na gode. Na rubuta maka da hannuna cewa rabona da kwanciyar hankali irin ta bakin ruwan nan tun kafin ciwon matata. Ka karanta, ka san abin da ke tafe, ka ci gaba da lissafin kwanaki. Da ka zo ka zauna a bencina ka ce, "Auta, idonka ya gaji, ka sauka," da mun yi faɗa, da na yi maka rashin kunya, wataƙila da na sauka da ƙafata, na sallami mutanena da bakina, na cire allona da hannuna. Wannan kuka hana ni.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ka amsa ta tsakaninka da Allah kamar yadda ka sa ni na amsa taka. Shirin nan, tun daga sandar ne, ko sai bayan na faɗa maka sirrina?

Tela

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka. Kwana tara ke nan ba ka ɗaga wayata, ba ka buɗe mini ƙofa, shi ya sa na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofar. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada ka wahala.

Baffa ya ce ka yi masa tambaya ya kasa amsawa. Ni zan amsa, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Tun daga sandar ne.

Baba, na daɗe da sani. Ranar da allurar keke ta shige maka farce ka ce ƙofa ce ta matse ka, ni na wanke ƙyallen da ka naɗe yatsan. Ranar da ka bar dutsen guga a kan yadi har hayaƙi ya fito ta taga, kana zaune a gefensa ba ka gani ba, mai shayin tsallake ne ya kira ni. Sau uku ina buɗe baki in yi maka magana, kana cewa, "Mamana, kawo wata hirar." Sai na rubuta wa Baffa. Ya ce, "Ubanki ba a tunkararsa gaba da gaba, bar ni da shi." Ya ce ba zai yarda a taɓa shagon ba sai ya ji daga bakinka, shi ya sa ya sa ka ɗaurin ƙugiya. Da ka rubuta masa, sai ya aiko mini da takardar taka, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin.

Na karanta har inda ka ce ya ƙona ta. Na yi kuka, amma ban fasa ba. Wannan laifina ne, ba na Baffa ba.

Na rasa Umma, ba zan iya jiran ranar da za a kira ni a ce shago ya kama da wuta kana ciki ba. Na san hanyar da muka bi ba ta da kyau. In ka ce in dawo da keken gida, gobe zan kawo shi. Almakashin Kaka yana cikin jakata, kullum da shi nake yawo, ina jiran ka buɗe.

'Yarka,
Mamanka

*

Laraba, 16 ga wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran ukun na yaga.

Yarinya ta faɗa maka gaskiya. Ba ni da abin ƙarawa sai wannan: na ɗauka dabara ce, ban san cin amana ba ce sai da na ga ka kira ni Akawu. Shekarata saba'in da shida, daga ni sai kai muka rage a ɗakinmu. Ka zo ka yi mini mako biyu. Akwai tafki a bayan gidana, na sa an gyara maka ɗaki, zan ɗaura maka ƙugiya da hannuna. In faɗa za ka yi mini, ka zo ka yi shi a gabana, ko ban ji ba zan ga bakinka.

Yayanka

*

Lahadi, 20 ga wata

Yaya,

Na gaishe ka. Ga kwanan wata na sa, don ta samu shiga fayil.

Na buɗe wa Mamana ƙofa, ita tsoro ne ya sa ta. Keken yana ɗakina. Ina zuwa ƙasan gada kullum da dusata, sandarka kuwa tana wurin direba zai dawo maka da ita, da ƙugiyoyinka a gwangwaninsu.

Maganar zuwa tafkinka, ka ɗauko kwafin takardarka ta 3 ga watan jiya, ka karanta na huɗu, inda ka yi bayanin kifin da ƙugiya ta yaga wa baki. Kai ka koya mini.

Allah ya ƙara wa gwiwarka sauƙi.

Auta